Kunun zaƙi, zoɓo da tsamiya na wani shago a Zangon Damagaram: abin da masu sana'ar suka ce bayan baje koli

A unguwar Zango ta birnin Damagaram, ba da nisa sosai da Kasuwar Dole ba, akwai wani ƙaramin shago da wata Hajiya ta buɗe a zauren gidanta, wanda ba a sayar da komai a cikinsa sai abin sha na gida: kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, ruwan tsamiya, ruwan citta, da kuma na kuka da na goruba a ranar da aka same su. Shagon ba shi da allo, ba shi da suna a rubuce. Firiji biyu ne, da teburi, da benci a bakin ƙofa, sai wata yarinya ƴar ɗakinta da ke miƙa kaya tana karɓar kuɗi. Abin da ya fito da shi fili shi ne rumfar da Hajiyar ta kama a wani baje kolin kayan gida da aka yi a cikin gari a farkon bazara, inda kunun zaƙinta ke ƙarewa tun kafin azahar, alhali na maƙwabtan rumfarta yana nan har la'asar ana yi wa masu wucewa tayi.

Mu da muke irin wannan sana'a a cikin gidajenmu, waɗansunmu suna ƙulla leda don ƴan makaranta, waɗansu kuma suna karɓar aikin biki da suna, ba mu bar maganar ta tsaya a bakin rumfa ba. Bayan an tashi daga baje kolin mun haɗu a gidan wata dattijuwa a unguwar Birni, wadda yawancinmu a hannunta muka koyi dama kunu, muka haɗa kuɗi, aka aiki yaro a kan kabu-kabu ya sayo kowane iri daga shagon kamar yadda kowane mai saye zai saya, ba tare da an gaya wa mai shi dalili ba. Sai daga baya aka aika mata da gayyata, ta kuwa zo bayan la'asar ba tare da wata fargaba ba. Abin da zan rubuta a nan ra'ayina ne, haɗe da abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa a wannan zama, da kuma abin da na gani a saye-sayen da na ci gaba da yi a shagon daga baya, wani lokaci da safe, wani lokaci da yamma.

Mun zuba kowane iri a ƙananan kofunan shayi, muna kurkure baki da ruwa tsakanin wani da wani, kuma mun bar gorunan har sanyin firiji ya ɗan sake su kafin a buɗe, domin sanyi mai yawa yana danne harshe, yana ɓoye tsami da warin abin da ya fara juyawa, shi ya sa abin da ya kwana yakan shige a kasuwa muddin dai da ƙanƙara a jikinsa. Wata malamar makaranta da ke cikinmu ta kawo labarin masu dafa giya a gida a ƙasar Amurka, inda shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a shekarar 1978 kan dokar da ta ba su damar yin haka. Suna da al'adar taruwa bayan bukukuwansu su yi musayar ra'ayi a kan abin da suka ɗanɗana, kuma takardar da alƙalan gasarsu ke cikawa tana raba maki 50 kamar haka: 12 ga ƙamshi, 3 ga kamanni, 20 ga ɗanɗano, 5 ga yadda abin ke zama a baki, sannan 10 ga ra'ayin alƙali gaba ɗaya. Abin da suke sha haramun ne a gare mu, ba ruwanmu da shi, amma rabon makin ya ja hankalinmu, domin launi maki 3 kacal ya samu cikin 50, alhali a kasuwanninmu launi ne ke sayar da rabin abin da ake sha. Ba mu ba da maki ba, sai dai mun bi wannan jeri: hanci tukuna, sannan ido, sannan harshe.

Kunun zaƙi shi ne ƙashin bayan shagon, kuma a kansa aka fi daɗewa. Launinsa ruwan toka ne mai ɗan ja-ja, ƙamshinsa na hatsin da ya jiƙu ya dahu ne, citta na biye da shi, kanumfari kuma yana can ƙasa-ƙasa ba ya rinjayar kowa. Zaƙinsa ba ya dukan harshe nan take irin na sukari. A hankali yake shigowa, ya zauna, sannan wani ɗan tsami mara ƙarfi ya biyo baya ya wanke baki, ta yadda mutum ke gama kofi ba tare da ya nemi ruwa ba. An tace shi da kyau, ba ya barin gari-gari a maƙogwaro, kuma idan ya zauna ya kwanta, girgiza ɗaya ke mayar da shi yadda yake. Na daɗe ban sha kunun zaƙin sayarwa da ya kai wannan ba a garin nan, kuma ba ni kaɗai na faɗi haka ba.

Da mai shagon ta zauna, dattijuwarmu ba ta yi wani kewaye-kewaye ba. Ta ce mata: "Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsiron nan naki na dawa ne ko na shinkafa?" Ita kuma ta amsa: "Na dawa ne, Inna, jar dawa, kuma ni nake tsirar da ita da hannuna." Daga nan ta bayyana aikin. Tana jiƙa dawar, ta shimfiɗa ta a kan jiƙaƙƙen buhu a cikin inuwa, ta rufe, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro, sannan ta shanya a rana ta bushe sosai, ta murje saiwoyin ta fece su, domin su ne ke kawo ɗaci, ta niƙa ta ajiye. Kunun kansa na gero ne. Ana jiƙa geron, a rege, a niƙa da kayan yaji, a raba ƙullun gida biyu, a sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen ƙullun da garin tsiro, a rufe ya kwana, da asuba a tace.

Wanda bai san aikin ba zai yi mamakin yadda abin da aka rufe da dare yana da kaurin koko ke wayewa ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an sa masa komai ba. Dalilin shi ne, lokacin da ƙwayar hatsi ta fara tsira tana samar da wani sinadari da ke farfasa sitacin da ke cikinta ya koma sukari, don ta ciyar da tsiron. Wannan sinadarin ne ake ara a zuba wa dafaffen ƙullu. Yana aiki sosai idan ƙullun yana da zafi wajen digiri 60 zuwa 70, amma idan aka yi gaggawa aka zuba shi a kan abin da ke tafasa, sai ya mutu, kunu ya wayi gari da kaurinsa, mai shi kuma ta ƙara ruwa da sukari don ta rufe asiri. Yawancinmu ɗanyen dankalin Hausa muke markaɗawa a madadin tsiro, domin shi ma yana ɗauke da irin wannan sinadari kuma ba ya cin kwanaki, sai dai zaƙinsa bai kai na tsiro zurfi ba, kuma yakan bar wani ɗan ƙarni na ɗanyen abu da mai hanci ke ganewa. Bambancin kunun wannan shago da na sauranmu a nan yake, wato kwanakin da Hajiyar ke ɓatawa a kan buhun dawarta. Ta yarda cewa tana ƙara sukari, amma kaɗan, kuma harshe ya gaskata ta.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Dattijuwarmu ta ce yajin ya yi ƙasa, domin a wurinta kunun zaƙin da bai sa mutum ya ɗan yi gyaran murya ba bai cika ba, kuma tana ganin an yi rowar masoro da barkono don a faranta wa yara da matasa. Wata daga Sabon Gari, wadda ke sayarwa a bakin tasha, ta ce ya yi ruwa da yawa, direbobi da ƴan dako abin da zai riƙe ciki suke nema. Ni ina tare da Inna a rabin maganarta: ƙarin masoro kaɗan zai ɗaga shi, amma barkono zai kashe wannan ƙamshin tsiro da aka sha wahala a kansa. Maganar kauri kuwa ban karɓe ta ba, domin wanda yake son abin da zai riƙe ciki yana da fura, yana da koko, yana da tukudi. Kunun zaƙi na ƙishirwa ne.

Akwai wata magana da masu sana'ar ba su cika son a yi ta a fili ba, amma a wannan zama an yi ta. Jiƙa hatsi, da tsirar da shi, da mayar da sitacinsa sukari, su ne dai matakan farko da masu burkutu da masu kowace irin giyar hatsi ke bi. Abin da ya raba hanya shi ne lokaci. A daren farko ƙwayoyin halittar da ke kawo tsami, irin na nono, su ne ke aiki, kuma su ne ke ba kunu ɗan tsamin da ake so. Idan aka ƙyale shi cikin zafi ya ci gaba da zama, sai yis ɗin da ke cikin iska da jikin hatsi ya karɓi aikin, ya cinye sukarin, ya fitar da iska da barasa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, sannan ya yi umarni a shayar da wani ko a zubar. Wannan jiƙon zabibi ne. Kunun da aka niƙa, aka dafa, aka sa masa tsiro, ga shi kuma a Damagaram inda zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ba ya kai ko kusa da wannan wa'adi idan ba a cikin sanyi yake ba. Yini ɗaya ne nasa.

A nan ne babban aibin shagon yake. Babu wata gora da ke ɗauke da ranar da aka yi abin da ke cikinta, balle sa'a. Da safe wannan ba matsala ba ce, tun da abin da ke gaba a firiji na asubar ranar ne. Amma wata rana da na saya bayan magariba, gorar ta kumbura ta yi tauri, da na murɗa marfin ta yi huci, kunun kuma yana tsikarar harshe, zaƙin nan mai natsuwa ya gudu ya bar tsami mai kaifi. Da na mayar, yarinyar ta canza mini ba tare da musu ba, wannan kam na yaba, sai dai ita kanta ba ta iya nuna mini wace gora ce ta yau, wace ce ta jiya ba. Ban ce abin ya kai ga maye ba, amma ya kama hanya, kuma bai kamata a bar mai saye, musamman yaron da aka aika, ya riƙa gane haka da harshensa ba. Ƴar takarda mai mannewa da alƙalami sun isa su magance wannan, kuma kuɗinsu bai kai ribar gora biyu ba. An faɗa wa Hajiyar makamanciyar wannan magana tun a zaman Birni, ta ce za ta duba, amma har zuwa sayena na baya-bayan nan gorunan suna nan babu rubutu.

Kunun aya ya fi kunun zaƙi saurin lalacewa, kuma shagon ya san haka, domin kaɗan ake yi, kuma ba a ajiye shi ya kwana. Ayar busasshiya ce irin manya, wadda ake kawowa daga jihar Maraɗi, inda ake noma mafi yawan ayar ƙasar nan, har ana fitar da ita zuwa Sifaniya, inda mutanen yankin Balensiya ke yin nasu kunun ayar mai suna horchata. Hajiyar tana markaɗa tata da dabino da kwakwa kaɗan, da citta, ba ta sa madarar gari, ba ta sa sukari. Yana da kauri daidai, yana da maiƙo a baki, launinsa ba fari fat ba ne, ya ɗan yi ruwan ƙasa saboda dabinon, kuma wannan alama ce mai kyau. Aibinsa ɗaya shi ne wani lokaci ana jin ɗan yashi a kurɓin ƙarshe. Aya a cikin ƙasa take yin ƴaƴa, tana zuwa da tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, kuma idan ba a zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya an wanke sau da yawa ba, haƙori ne zai ba da labari. Wata a cikinmu ta so a ce an yi amfani da dabinon Aljeriya mai laushi don ƙarin zaƙi, amma mafi yawanmu mun fi son busasshen dabinon da take sawa, irin na yankin Kawar da ke cikin Sahara, wanda zaƙinsa ba ya rufe ɗanɗanon ayar. Shawarata ita ce a saye shi kafin azahar a sha nan take. Wanda ya sa shi a mota zai kai wa iyali Mirya ko Matamaye da tsakar rana, kada ya zargi shagon.

Zoɓon kuwa ya ba ni kunya, kuma abin takaicin shi ne shi ya fi kowanne kasuwa bayan kunun zaƙi. A ido yana da kyau ƙwarai, ja ne mai duhu da sheƙi. Da aka buɗe gorar, ƙamshin abarba na kanti, irin wanda ake ɗigawa daga ƴar kwalba, shi ne ya cika ɗakin, ba a jin zoɓon ko kaɗan. A baki kuma sukari ne ya fara zuwa, shi ne ya tsaya, shi ne ya rage bayan an haɗiye, tsamin da ya kamata ya zama jigon abin an danne shi. Wata daga cikinmu ta ɗaga kofi ta duba a hasken ƙofa ta ce an sa kanwa, mai shagon kuma ba ta musa ba. Jan launin zoɓo yana canzawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki: cikin tsami yana yin ja mai haske, idan aka sa kanwa ta kashe tsamin sai ya koma duhu, ya nufi shuɗi-shuɗi. Masu sayarwa suna yin haka don su rage tsami, su kuma samu launin da masu saye ke ɗauka alamar kauri ce. Abin da ake asara shi ne ɗanɗanon zoɓon kansa.

Hujjarta ita ce masu saye haka suke so, kuma ta taɓa gwada mai tsami ya yi kwantai. Na san gaskiya take faɗa, domin mu ma mun gani. Amma macen da ke iya ɓata kwanaki tana tsirar da dawa don kada ta dogara da sukari a kunu, bai dace a ce ita ce ke zuba shi haka a zoɓo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato wajen giram 50 ga babban mutum, kimanin ƙaramin cokali 12. Dattawa da yawa suna sayen zoɓo ne saboda sun ji yana taimaka wa mai hawan jini, kuma waɗansunsu suna fama da ciwon sukari a lokaci ɗaya. Irin wannan zoɓon ba nasu ba ne. Abin da muka roƙe ta shi ne ta ware goruna kaɗan na zoɓon da aka jiƙa a ruwan zafi ba tare da doguwar tafasa ba, tun da doguwar tafasa ce ke fito da bauri, a sa masa citta da na'ana'a, babu kanwa, babu ƙamshin kanti, mai saye ya sa sukarinsa da kansa.

Ruwan tsamiya ya wanke wa shagon wannan laifi. Ba a yi gardama a kansa ba. Tsamiyar sabuwa ce, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, ba tsohuwar da ta yi baƙi a rumbu ba, an jiƙa ta a ruwan ɗumi an tace, an sa kanumfari da ɗan barkono, sukarin kuma ya tsaya inda ya kamata. Tsaminta na halitta yana sa ta jure zafi fiye da sauran, don haka ita ce abin da zan ce a saya idan da yamma aka je, ko idan za a yi tafiya da ita. Ruwan citta yana da kyau shi ma, yana da zafin da ke sauka har ƙirji, da lemun tsami a ciki, amma ƙarfinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau ya yi kaifi, gobe ya yi salam. Dalilin a kasuwa yake. Yawancin cittar da muke amfani da ita daga kudancin jihar Kaduna ta Najeriya take zuwa, kuma tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a can a daminar 2023, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Nijar da Najeriya, farashinta ya yi tashin da ya sa kowace mai sana'a ta koyi auna ta da tsoro. Na fahimci uzurin, sai dai da a ƙara ruwa gara a rage yawan gorunan.

Na kuka da na goruba ba kullum ake samunsu ba. Na kuka, wanda ake yi da garin ƴaƴan kuka, yana da kauri da ɗan tsami mai daɗi, yara suna sonsa idan ya daskare. Na goruba ya yi mini ruwa-ruwa, ƙamshin gorubar bai fito ba, kuma da alama ita kanta mai shagon ba ta mayar da hankali a kansa ba.

Duk wanda ya san Damagaram ya san ba a yin maganar abin sha a tsallake maganar ruwa. Garin yana zaune a kan duwatsu, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin ƙasar daga nan zuwa Yamai a shekarar 1926. Da bazara famfo yakan yi kwanaki bai kawo ba a waɗansu unguwanni, a koma ga ƴan garuwa, kuma ba kowace jarka ce aka san inda aka cika ta ba. Kunun zaƙi yana haɗuwa da tafasasshen ruwa, amma ruwan da ake tace aya da shi, da wanda ake sirka zoɓo da tsamiya, da wanda ake yin ƙanƙara, sau da yawa ɗanye ne. A wannan fanni shagon ya yi abin a yaba. Na shiga cikin gidan da izininta, na ga tana tara ruwan famfo a manyan randunan roba masu marfi, tana tafasa wanda za a yi aya da sirki da shi tun da dare ya kwana ya huce, kuma ba ta jefa ƙanƙara a cikin abin sha, a jikin goruna take jera ta. Gorunan sababbi ne masu marfin da ke ɓallewa idan an murɗa, ba waɗanda yara ke tsinta a wuraren biki su sayar ba. Wannan yana cikin abin da ya sa kayanta suka fi na leda tsada, kuma a ganina kuɗin ya halatta.

Sanyin kayan ya danganta da wutar lantarki, wadda ba ta da tabbas a lokacin zafi, kuma masu sana'ar firiji ba su manta da halin da aka shiga ba bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, lokacin da aka katse wutar da ake jawowa daga Najeriya har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumi. Tun a wancan lokaci Hajiyar ta haɗa ɗaya daga cikin firijinta da farantan hasken rana, kuma a cikinsa take sa aya da kunun zaƙi. Ɗayan yana kan wutar gari, a nan zoɓo da tsamiya da citta suke. Rabon ya yi daidai da hankali, amma firijin hasken ranar ƙarami ne, idan kaya sun yi yawa sai ragowar kunu ta koma ɗayan, kuma ina kyautata zaton ta haka ne gorar da ta kumbura ta iso hannuna. Mai saye yana iya tambaya daga wane firiji aka ɗauko masa, ba za a ji haushi ba.

Farashin ƙaramar gora ta zoɓo, tsamiya ko citta dala 50 ne, wato sefa 250, kunun zaƙi dala 60, kunun aya kuma dala 100, babbar gora ta kunun zaƙi ta gida guda tana kamawa jika ɗaya, wato sefa 1000. Idan aka kwatanta da ƙullin leda na dala 5 ko dala 10 da ake sayarwa a ƙofar makaranta, wannan kayan masu ɗan hali ne, kuma ba na jin ɗan dako zai mayar da shi abin shan kullum. Ana buɗe shagon da hantsi, a rufe bayan isha'i, da azumi kuwa sai bayan la'asar ake fara sayarwa, layi kuma yakan kai bakin titi kafin a sha ruwa, don haka mai so ya aika da wuri. Yarinyar tana da fara'a da ladabi, tana gaishe da manya yadda ya kamata, sai dai canji yakan yi mata wuya, gara mutum ya tafi da ƙananan kuɗi. Ana karɓar aikin biki da suna da walima idan an ba da sanarwar kwana uku da rabin kuɗi, amma ba a kai wa mutum gida, shi zai turo a ɗauka, kuma Hajiyar ba ta karɓar aikin kunun aya ga taron da za a yi da yamma, ko nawa za a biya ta, sai dai ta ce a ɗauki tsamiya a madadinsa.